Raspberry Pi Pico: abin da muka gani bayan wata uku muna haɗa gem a Aboabo

Salamu alaikum jama'a. Tun ranar da na ɗora bidiyon ɗan gem ɗin nan da muka haɗa mutane ke ta damuna a WhatsApp, wai wane bod (ɗan allon lantarkin da ke sarrafa gem ɗin, namu Raspberry Pi Pico ne) muka yi aiki da shi, wai ya ci kuɗinsa ko a'a, to maimakon in ta amsa wa kowa ɗaya-ɗaya bari in zube shi nan gaba ɗaya kowa ya ɗebi nasa.

Mu huɗu ne. Ni gyaran waya nake a PZ nan Adum cikin Kumasi, dalma da mita su ne abincina, sai ƙanina da ke karatun injiniya a Tech, wato jami'ar KNUST, shi ne mai rubuta kod, sai abokinmu kafinta ɗan Sawaba da ya ce akwatin a wuyansa, sai 'yar yayata da Allah Ya ba hannun zane, duk abin da kuka gani a sikirin ita ta zana. Gem ɗin ba wani abin a zo a gani ba ne fa, pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya, kake tuƙawa daga Aboabo zuwa Kejetia kana kauce wa ramuka da awaki, ka bugi akuya rai ɗaya ya tafi, uku suka tafi ka koma tasha. Niyya dai yaran makarantar allon layinmu su samu abin dannawa ranar Sallah, shi ke nan.

Kuskuren farko namu ne ba na kowa ba, mun fara sayayya kafin mu zauna mu yi lissafi. Ina da wani tsohon bod mai suna Arduino Uno a durowa, sai kawai na je na sayo sikirin mai kala, ST7789 mai ɗigo 240 sau 240, ina ta murna an gama rabin aiki. Ƙanina ya zo da yamma ya juya shi ya juya, ya ja kwalin sabulu da biro ya fara bugu. Ɗigo 57,600 ne, kowane ɗigo yana cin bayit 2 in kala kake so, jimla bayit 115,200 kenan don hoto ɗaya tak. RAM ɗin Uno kuwa, wato wurin da yake riƙe abin da yake aiki a kai, 2KB ne gaba ɗayansa, kusan bayit dubu biyu kenan. Ya ɗago ya ce "Yaya, tankin ruwa kake son juyewa a kofin shayi." Ban ji daɗi ba wallahi amma gaskiya ya faɗa. Uno ba laifinsa, yana iya zana wa sikirin kai tsaye guntu-guntu, sai dai abu mai gudu irin namu sai ya riƙa ƙifta ido kamar fitilar da batir ya kusa mutuwa.

Daga nan ne Pico ya shigo. Tsayinsa milimita 51 faɗi 21, bai kai ɗan yatsana biyu ba, ya fito tun Janairun 2021 daga kamfanin Raspberry Pi na Ingila, kuma farashinsa a can dala 4 ne, nan dai kun san kafin kaya ya iso Kumasi kowa ya ɗora nasa, amma duk da haka bai kai kuɗin sikirin ɗin wata ƙaramar waya da nake canzawa kullum ba. Ƙwaƙwalwarsa RP2040 sunanta, kai biyu gare ta masu gudun da ya kai 133MHz, Uno kuwa kai ɗaya 16MHz. RAM 264KB, wurin ajiyar kod 2MB, ƙafafu 26, wato wuraren jona wayoyi, da za ka yi aiki da su. Wato hoton nan namu na bayit dubu ɗari da sha biyar ya shige har da sauran fili.

Amma ni abin da ya fi burge ni ba waɗannan lambobin ba ne, arhar ce, don ita ta gyara mana yadda muke aiki tare. Sati biyun farko bod ɗaya gare mu kuma yana yawo kamar tukunyar aro, Litinin yana Ayigya wurin ƙanina, Laraba na karɓo in gwada maɓallai, kafinta na kira yana son awo, yarinya tana son ta ga ko kalar pragyarta ta fito daidai, kowa na jiran kowa ba abin da ke tafiya sai kuɗin trotro. Rannan muka zauna wurin mai shayi bayan isha'i muka ce kai, kowa ya tura nasa ta momo a sayo uku a ƙara. Daga ranar aka raba aiki da gaske. Muka samu kwali babba muka rubuta kowace ƙafa da aikinta, wannan ta sikirin, wannan ta ƙararrawa, waɗannan na maɓallai, GP26 da GP27 na sandar tuƙi saboda suna cikin ƙafafu uku da ke iya auna ƙarfin wuta ba kunna da kashe kaɗai ba, kowa ya ɗauki hoton kwalin a wayarsa aka yi alkawari ba mai canza ƙafa ko ɗaya sai ya faɗa wa sauran. Da bod mai tsada ne da har yau muna kan layi muna jiran juna.

Sa masa kod ba wahala ko kaɗan. Ka danne ɗan farin maɓallin da aka rubuta wa BOOTSEL, ka soka kebul a kwamfuta, sai ya fito kamar filash mai suna RPI-RP2, ka ja fayil ka jefa ciki. 'Yar yayata da ba ta taɓa rubuta kod ba, da yaren kod na MicroPython da manhajar rubuta shi Thonny, a zama ɗaya ta sa 'yar fitilar jikin bod ɗin tana kunnawa tana kashewa, ta yi ta ihu har kakarta ta leƙo tana tambaya lafiya.

To yanzu inda za ku yi hattara.

Na ɗaya, bolt 3.3 yake ci a ƙafafunsa, ba 5 ba irin Uno. Ni da bakina na gaya wa kowa wannan, kuma ni ne na fara karya dokar. Dare ya yi, an ɗauke wuta, ina aiki da tocin waya a baki, jikin sandar tuƙin an rubuta 5V sai hannuna ya kai wayar ƙafa ta 40 maimakon ta 36 inda 3.3 ke fita. Na tura sandar gefe ɗaya, daga nan ƙafar da ke auna sandar ba ta ƙara faɗin gaskiya ba, pragya sai ta riƙa jan hagu ita kaɗai kamar direban ya yi barci. Kwana biyu ƙanina yana tonon kod ɗinsa yana neman laifi, ni kuma na yi shiru kamar ruwa ya ci ni, sai da ya ce "Yaya don Allah ɗora mita mu gani" sannan na fito da gaskiya. Bod ɗin bai mutu ba, muka koma GP28, amma har yau in aka yi musu sai ya tuna min.

Na biyu, wanda muka saya babu ƙafafun ƙarfe a jiki, sai ka narka dalma ka dasa guda 40 da kanka. Ni wannan shan ruwa ne, amma in babu mai dalma a cikinku ku nemi Pico H, shi a dashe yake zuwa. Sannan ba shi da maɓallin sake kunnawa, cire kebul soka kebul har ramin micro USB ya fara ba ka tausayi. Maganin ɗan maɓalli ne tsakanin ƙafar RUN da GND, minti biyar an gama, ku yi shi tun ranar farko.

Na uku maganar gudu. MicroPython daɗin koyo paa, amma da muka zo zana cikakken hoto ga titi na tafiya ga awaki na tsallakawa sai gem ya riƙa jan ƙafa. Ƙanina ya mayar da komai yaren kod na C ta manhajar Arduino IDE, ya ba kai ɗaya aikin zane ɗayan kuma sauti da maɓallai, nan ne abu ya miƙe. Ya ci masa sati biyu da bai sa a lissafi ba, ga jarrabawa a gabansa. Da mun sani da tun farko da C za a fara, a bar MicroPython don gwada kaya kawai.

Wuta ma ta ɗan wahalar da mu. Pawa bankina sai ya riƙa kashe kansa saboda abin da Pico ke ja bai kai ya san akwai wani a jikinsa ba. Ƙarshe batir 18650 na ciro daga tsohon batirin laftof, na haɗa da ɗan bod ɗin caji TP4056, na shigar ta ƙafar VSYS wadda ke karɓar daga bolt 1.8 har 5.5, da dayod a tsakani saboda lokacin da kebul ke jiki. A nan na yaba masa sosai, ba sai ka nemi wani abin ɗaga wuta ba.

Wani mai shago da ba zan kira suna ba ya so ya ba ni wani koren bod a leda ba tambari ya ce ai duk ɗaya ne. Wataƙila yana aiki, ban sani ba don ban karɓa ba, na ce "Alhaji a yi haƙuri, mai tambarin nake so." Ku duba da kyau kafin ku biya, kuma in da hali a soka a kwamfuta a gabanku.

In maki ake so na ba shi tara cikin goma a irin wannan aiki. Wanda zai fara yau ya tambayi Pico 2 da ya fito a Agustan 2024, RAM ɗinsa 520KB, in kuma kuna son yara biyu su kara da juna ba waya to Pico W mai Wi-Fi. Mu dai na farkon ya ishe mu.

Ranar Sallah akwatin katakon ya sha hannu tun daga saukowa idi har magariba, bod bai yi ko gezau ba, sandar tuƙin ce wani ɗan shekara bakwai ya tuge ta gaba ɗaya da ya ga akuya ta shigo masa, ya miƙo min kan robar a tafin hannu yana cewa "Baba ba ni ba ne." Asabar zan shiga Adum in nemo irin mai ƙarfen nan ta injin gem na da, wanda ya san inda ake samunta a Kumasi ya taɓa ni.