Gargaɗi: man ekzima "na ganye zalla" da ake ɓoye sitiroid a cikinsa

Jama'a, duk mai fama da ekzima (ciwon bushewar fata da ƙaiƙayi), ko mai yaron da ke kwana yana susa har fata ta fashe, don Allah ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗi.

Kun san irin tallar. Hoton hannu ya bushe ya tsattsage, gefe guda kuma ga shi sumul, wai bayan kwana uku. Mai sayarwa a Facebook ko TikTok yana rantsuwa cewa haɗin tsirrai ne zalla, ba sinadari, har jariri ma a shafa masa. Abin da ke ruɗar mutane shi ne man yana aiki. Ƙaiƙayi ya tsaya, kumburi ya saɓe, uwa ta samu barci. To a wurin wannan saurin ne ya kamata hankali ya tashi, domin sau da yawa ba ganye ne ya yi aikin ba, sitiroid mai ƙarfi ne (maganin asibiti mai saɓar da kumburi) aka cakuɗa ba a rubuta a jikin kwali ba.

Ba zargi nake yi ba. A 1999 likitoci a Landan sun gwada irin waɗannan mayuka guda 11, takwas daga ciki suka fito da dexamethasone, wani nau'in sitiroid. Hukumar kula da magunguna ta Birtaniya, MHRA, ta yi gargaɗi kan mayukan Yiganerjing da Zudaifu bayan an gano clobetasol propionate a cikinsu, wanda yana cikin sitiroid mafiya ƙarfi da ake shafawa.

Shi sitiroid magani ne na gaske, likitocin fata suna ba da shi kullum. Amma sukan zaɓi ƙarfinsa, su faɗi inda za a shafa da ranar da za a daina. Wanda aka ce masa ganye ne kuwa lafta shi zai yi ta yi a fuska da ƙarƙashin kunzugun jariri wata da watanni. Fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, jijiyoyi su bayyana. A jikin yaro maganin yakan ratsa cikin jini ya danne aikin halittar da ke saman ƙoda mai samar da kotisol (sinadarin da jiki ke buƙata), fuska ta kumbura, girma ya ja baya. Idan kuma makero ne tun farko ba ekzima ba, man zai lulluɓe shi yana ta yaɗuwa. Ranar da aka daina, ciwon ya dawo da zafinsa, sai a koma wurin mai sayarwa. Cinikin nasa ke nan, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Ban ce tsirrai ba su da amfani ba. Garin hatsin ots da ake sa wa mayukan fata yana rage ƙaiƙayi, man kwakwa na taimaka wa busasshiyar fata. Aikinsu a hankali yake, kuma sauƙi suke kawowa. Duk wanda ya ce zai raba ka da ekzima har abada cikin mako guda, ƙarya yake yi.

Idan kun daɗe kuna shafa irin wannan man, musamman wa yaro, kada ku yanke shi rana ɗaya da kanku. Ku ɗauki kwalbar da kwalinta ku kai wa likita, ku faɗa masa tsawon lokacin da aka yi ana shafawa, sannan ku kai rahoton mai sayarwar ga hukumar kula da magunguna ta ƙasarku.