Wane injin bincike ya dace a koma wa idan sakamako ya cika da shafukan banza?

Duk wanda ya taɓa neman shawara a intanet kafin ya sayi wani abu, misali na'urar buga takardu, ya san abin da yake fara cin karo da shi. Layukan farko tallace-tallace ne, a ƙarƙashinsu kuma akwai shafi mai taken "guda goma mafiya inganci a bana", wanda idan aka buɗe shi sai a tarar da sakin layi uku suna jujjuya tambayar da aka yi ba tare da sun amsa ta ba, hotunan duk daga kamfanin da ya ƙera na'urar aka kwaso su, kuma kowane suna yana da maɓallin saye a gefensa. Wanda ya rubuta shafin bai taɓa jin ƙarar na'urar ba, bai san ko takarda tana maƙalewa a cikinta ba. Abin da ya sani shi ne idan mai karatu ya latsa maɓallin ya saya, to yana da la'ada.

Wannan koke ba zargi ba ne kawai. A farkon 2024 wasu masana daga Jami'ar Leipzig da Jami'ar Bauhaus ta Weimar a Jamus sun fitar da sakamakon nazarin da suka yi na tsawon shekara guda, inda suka bibiyi tambayoyi 7,392 na neman bayanin kayayyaki a Google da Bing da DuckDuckGo. Sun gano cewa shafukan da ke rayuwa da la'adar saye sun mamaye sahun gaba fiye da kason da suke da shi a intanet, kuma duk gyaran da kamfanonin suka yi don korar su tasirinsa na ɗan lokaci ne. Google kansa ya daɗe a wannan fafatawa: a 2011 ya ƙaddamar da gyaran da aka sani da Panda domin rage ƙarfin shafukan da ke tara rubutu barkatai, a 2022 ya sake wani, a watan Maris na 2024 kuma ya yi alkawarin rage irin wannan rubutu da kashi 40 cikin ɗari. Masu shafukan suna karantar kowane sabon gyara, su sauya salo, su dawo.

Saboda haka mutane da yawa ke tunanin sauya sheƙa, sai dai kafin a sauya ya kamata a fahimci wani abu da ba a cika faɗa ba. Sunayen injunan bincike suna da yawa, amma rumbunan da suke ɗebo sakamako daga ciki kaɗan ne, domin zagaya biliyoyin shafuka ana tattara su ana jera su aiki ne mai cin dukiya. Tambaya ta farko ke nan da za a yi wa kowane inji: rumbun wa yake amfani da shi? Bayan ita sai a tambayi wanda yake biyan kuɗin hidimar, sannan, wadda a ganina ta fi su duka muhimmanci, ko injin yana ba mai amfani ikon ya ce kada a sake nuna masa wani shafi har abada.

Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a 1998, shi ke riƙe da kusan kashi 90 cikin ɗari na binciken duniya, kuma ba don ingancinsa kaɗai ba. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta shigar, an bayyana cewa a 2021 kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 don ya zama injin da ake tararwa an riga an saita a wayoyi da burauzoji, kuma a watan Agusta na 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci cewa ya yi babakere ba bisa doka ba. Duk da haka adalci ya sa a faɗa cewa rumbunsa ya fi na kowa faɗi, kuma wanda yake bincike da harshen da ba shi da rubutu mai yawa a intanet, ko yake neman labarin da ya faru awa ɗaya da ta wuce, zai yi wuya ya rabu da shi gaba ɗaya. Ga irin wannan mutum gyara ya fi ƙaura. Tun watan Mayu na 2024 akwai zaɓin "Web" a saman shafin sakamako, wanda yake kawar da taƙaitawar ƙirƙirarriyar basira da sauran akwatuna ya bar jerin shafuka zalla. Sanya jimla cikin alamar zance yana tilasta wa injin nemo ta yadda aka rubuta ta, alamar ragi a gaban kalma tana fitar da ita daga sakamako, rubuta before:2022 kuma yana kawo shafukan da suka riga ambaliyar rubutun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke samarwa. Akwai kuma ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna uBlacklist da ake ɗorawa a burauza, wadda take ɓoye duk shafin da aka sa a jerin baƙin littafi.

Rukuni na biyu su ne masu aron rumbu. DuckDuckGo, wanda Gabriel Weinberg ya kafa a 2008, mafi yawan sakamakonsa daga Bing na Microsoft yake zuwa, Startpage na ƙasar Holan yana kawo na Google ba tare da miƙa bayanan mai bincike ba, Ecosia na Jamus kuma yana zuba ribarsa wajen dashen itatuwa. Dukkansu suna da amfani ga mai neman sirri ko mai kishin muhalli, amma wanda damuwarsa shafukan banza ce kada ya sa rai da yawa, domin ruwan rijiya ɗaya ne aka zuba a tulu daban.

Masu rumbun kansu sun fi jan hankalina. Brave Search, da ya fito a 2021, yana tattara shafukansa da kansa, kuma yana da tsarin da ya kira Goggles, wanda ke ba mutum damar ɗora ƙa'idojinsa a kan jerin sakamako, kamar ya ce a fifita ƙananan shafukan fasaha ko a cire manyan shafuka da suka fi shahara. Mojeek na Ingila ya fi shi daɗewa kuma shi ma mai zaman kansa ne, sai dai rumbunsa ƙarami ne, wani lokaci ya rasa abin da ake nema ƙarara. Marginalia kuwa aikin wani injiniya ne ɗan Suwidin, Viktor Lofgren, kuma da gangan yake fifita shafuka masu yawan rubutu da ƙarancin talla. Ba zai taimaka wajen neman tikitin jirgi ba, amma idan ana son bayanin da wani masani ya zauna ya rubuta shekaru goma sha biyar da suka wuce don ƙaunar ilimi kawai, a can ake dacewa da shi. Yana ƙarfi ne a Turanci.

Kagi shi ne zaɓin da ke buƙatar dogon tunani, saboda ana biyan kuɗinsa duk wata. Vladimir Prelovac ne ya kafa shi, aka buɗe wa jama'a a 2022, kuma hujjarsa ita ce injin da mai bincike yake biya ba shi da dalilin faranta wa mai talla rai. Babu talla ko ɗaya a cikinsa. Yana haɗa sakamako daga manyan rumbuna da ƙaramin rumbunsa, amma abin da ake saye a gaskiya shi ne iko: a gefen kowane sakamako akwai alamar da idan aka taɓa ta za ta nuna yawan tallace-tallace da manhajojin bibiyar masu ziyara da ke shafin, ta kuma ba da zaɓin a toshe shi, a rage masa matsayi, a ɗaga shi, ko a kafe shi a sama. Shafukan nan na "guda goma mafiya inganci" ma yana tattara su wuri ɗaya, kada su cinye sahun gaba. Bayan wata ɗaya ana toshewa ana ɗagawa, jerin sakamakon yakan ɗauki kamannin buƙatun mai shi, kuma wannan ne abin da na fi daraja a duk zaɓuɓɓukan nan. Illarsa biyu ce. Dole a buɗe asusu, wanda ke nufin an dogara da alkawarin kamfanin cewa ba ya ajiye tarihin bincike, sannan ƙaramin tsarinsa bincike 300 kawai yake bayarwa a wata, adadin da ɗalibi ko ɗan jarida zai iya ƙararwa cikin mako biyu. Mai bincike sau uku ko huɗu a rana ba lallai ne kuɗin ya biya masa buƙata ba, amma wanda abincinsa ya dogara da samun sahihin bayani ya dace ya gwada bincike 100 na kyauta da ake bayarwa.

Sai manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Perplexity da ChatGPT, waɗanda ke ba da amsa a dunƙule maimakon jerin shafuka. Suna rage wahalar buɗe shafi bayan shafi, amma daga intanet ɗin nan dai suke karantowa, kuma idan tushen gurɓatacce ne sai su tace shi cikin kyakkyawan lafazi har a kasa gane rauninsa. A watan Mayu na 2024 taƙaitawar Google ta ba mutane shawarar cin ƙaramin dutse kullum, abin da ta ɗauko daga wani rubutun barkwanci. Ba na ganin ya halatta a dogara da irin wannan amsa a kan lafiya ko shari'a ko kuɗi ba tare da an buɗe shafin da ta ambata an karanta da ido ba.

Hanyar yanke shawara mafi aminci ita ce gwaji da tambayoyin mutum na gaske. A buɗe tarihin burauza, a zaɓi tambayoyi goma da aka yi a makon jiya, a tabbata akwai ta saye, da ta gyaran na'ura, da ta harshen gida, sannan a saka kowace a injuna uku a ƙirga layi nawa ake wucewa kafin a iso shafin da mutum mai sanin abin ya rubuta. Injin da ya yi nasara sai a shiga saitin burauzar waya da ta kwamfuta a mai da shi na dindindin, a bar na biyu a ajiye a jerin shafukan da aka fi ziyarta domin tambayoyin da na farkon ya gaza a kansu.