Na daina biyan dikoda na koma kallon Firimiya a waya

Ranar 1 ga Maris 2025, daidai da shigowar azumi, kuɗin DStv Compact Plus ya tashi daga naira 25,000 ya koma 30,000 a wata. Duk wanda ya daɗe yana biya ya san yadda aka taho: a tsakiyar 2023 muna kan 16,600, cikin Nuwamba aka kai shi 19,800, a watan Mayu na 2024 ya zama 25,000. Ni tela ne, shagona yana Fagge, abin da allura ta kawo shi nake ci. Ko mai albashi ma, idan mafi ƙarancin albashin ƙasa 70,000 ne, to 30,000 na kallo kaɗai ya kusa cinye rabi. Ba na cewa kamfanin ba shi da hujja. Da dala suke sayen izinin nuna wasannin, naira kuwa kowa ya ga yadda ta koma tun 2023. Amma hujjarsu ba za ta cika mini kwanon sahur ba, saboda haka da katin ya ƙare ban sake sakawa ba.

Abin da na koma shi ne Showmax Premier League, tsarin kallon Firimiya a waya ta intanet, kuma a kan yadda na same shi a 2025 nake son yin magana, domin abokan sana'a da yawa suna tambayata ko ya biya buƙata. Abin dariyar shi ne Showmax ɗin ma na MultiChoice ne, masu DStv da GOtv da SuperSport. Kamar ka yi fushi da tuwon uwargida ne ka tafi ɗakin amarya, alhali daga rumbu ɗaya aka ɗebo hatsin. A watan Fabrairu na 2024 suka sake fasalinsa tare da kamfanonin talabijin na NBCUniversal da Sky, suka fito da wannan tsari na Firimiya zalla a kan naira 2,900 a wata. Daga baya an ɗan ƙara, amma lokacin da na shiga bai kai 4,000 ba.

A lokacin, da wannan kuɗin ana ba ka wasannin Firimiya gaba ɗaya, 380 a kaka, kai tsaye, da irin hoto da sharhin da aka saba ji a SuperSport. Ba a zaɓar maka. Idan wasa biyar ake bugawa lokaci guda ranar Asabar, kai za ka shiga wanda ka ga dama. Ni ɗan Arsenal ne, amma a kakar 2024/25 na ƙallafa rai a kan Nottingham Forest saboda Ola Aina, sai kuma Fulham saboda Iwobi da Calvin Bassey, waɗanda a gidan kallo ba wanda zai kunna maka wasansu in dai Man United ko Chelsea na fili. Abin mamaki, mutumin da ke zaune a Landan ba ya samun wannan gata: a Ingila ba a nuna wasannin ƙarfe uku na ranar Asabar kai tsaye a talabijin, don kada mutane su daina zuwa filayen wasa. Wato ni da nake taka keke a Fagge na fi shi ganin ƙwallon garinsu.

A lokacin shiga ba wahala. Ka sauke manhajar, ka yi rajista, ka biya da katin banki, shi ke nan. Babu mai hawa rufin kwano, babu mai juya dish yana tambayar na ƙasa ko hoto ya kawo.

Inda ya fi yi mini rana shi ne wajen wuta. Da dikoda, in aka ɗauke wuta ana tsaka da wasa, ko dai ka tada janareta ko ka haƙura, man fetur kuwa tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 ya wuce a ƙona shi don minti casa'in na ƙwallo. Kuma ko wata ya ƙare ba ka kalli komai ba, kuɗinka ya tafi. Waya kuwa da ita da fawa bank sun isa. A kwanakin ɗinkin sallah, lokacin da ba na ganin gida sai bayan asuba, nakan jingina wayar a jikin gwangwanin zare, ina kai bakin riga ina satar kallo. Shekara da shekaru ina biyan dikodar da ke falo alhali ranakun Asabar da Lahadi a shago nake wuni. Matsalar ruwan sama ma ta ragu. Duk mai dish ya san da hadari ya haɗo a watan Agusta hoto zai fara kakkaryewa ya ɗauke, saboda ruwa yana shanye irin zangon da tauraron ɗan adam ke aiko da hoto a kai. Sabis ɗin waya ma yakan yi rauni in ruwa ya yi ƙarfi, amma ba kamar haka ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Kuɗin da ka biya Showmax ba shi ne kuɗin kallon ba, data ce. A wayata, in na bar hoton a matsakaici, wasa ɗaya yana cin kusan giga guda, in na sake shi ya fito tas kuma sai ya zarce haka sosai. Akwai wurin da ake rage ingancin hoto don a yi tattali, na kuma gwada. A fim ba laifi, amma a ƙwallo in ka rage da yawa, da an buga dogon bal sai ta ɓace maka, ka ga mutane suna gudu ba ka san abin da suke bi ba. Sannan sai aka yi rashin sa'a na koma waya a daidai lokacin da data ta yi tsada, domin a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari, cikin Fabrairu kuma aka fara gani a aljihu. Mai kallon wasan ƙungiyarsa kaɗai, huɗu ko biyar a wata, ya ci riba mai yawa. Wanda kuwa yake so ya kalli na rana da na yamma da na dare, Asabar da Lahadi har da na Litinin, ya zauna ya yi lissafi da kyau. Zai iya tarar da cewa abin da ya hana dikoda ya miƙa wa masu data rabinsa ko fiye. Ni dai a ƙarshen wata, da kuɗin manhajar da na datar da ƙwallo ta ci, ban taɓa kai rabin 30,000 ba, amma sai da na koyi kashe waya a hutun rabin lokaci, na kuma daina zaman sauraron masu sharhi kafin wasa da bayansa.

Sai kuma jinkiri, wanda shi ne ya fi ci mini rai, kuma ba wanda ya gaya mini kafin in shiga. Akwai gidan kallo a bayan layinmu. Ranar 9 ga Maris 2025, da Arsenal ta je Old Trafford, ana dab da tafiya hutu Bruno Fernandes ya samu bugun tazara. Ni a wayata yana kan gyara zaman ƙwallo, alƙalin wasa yana auna wa 'yan katanga taku, sai kawai na ji unguwa ta ɗauki ihu. Yaron shagona, ɗan United ne na ƙin ƙarawa, ya ɗago kai daga guga ya ce, "Oga, Allah ya ba da haƙuri." Haka na zauna ina kallon ƙwallon da na riga na san ta shiga. Da Declan Rice ya farke bayan an sha ruwa, nan ma ihun maƙwabta ne ya fara yi mini albishir. Aka tashi 1-1.

Wannan ba laifin Showmax ba ne shi kaɗai, haka kallo ta intanet yake ko ta wace manhaja. Tauraron da dish ke kallo yana can sama wajen kilomita 36,000, amma hoton zuwa yake yi a miƙe, hawa da saukarsa bai wuce rubu'in daƙiƙa ba. Ta intanet kuwa sai an yayyanka hoton gunduwa-gunduwa, kowace ta 'yan daƙiƙoƙi, wayarka kuma sai ta tara guda biyu ko uku a ajiye kafin ta fara nuna maka, don kada hoton ya riƙa tsayawa in sabis ya yi rauni. Wannan ajiyar ce take mayar da kai baya da rabin minti, wani lokaci fiye. Maganin da na samu shi ne in toshe kunne da abin sauraro, in kashe sanarwar WhatsApp da ta manhajojin da ke kawo sakamako. Amma in gidan kallo yana kusa da kai, ƙasa ma girgiza take yi in an ci.

Kan tsayawar hoto, ya danganta da layinka da unguwarka. A shago 4G yana da ƙarfi, da wuya ya tsaya. A gida kuwa, can wajen gari, layin da nake amfani da shi yakan yi sanyi tsakanin magariba da goman dare, lokacin da kowa ya hau intanet, kuma a lokacin ne ake buga manyan wasanni. Kafin ka biya kuɗin kowace manhajar kallo, ka gwada kallon wani abu kai tsaye a YouTube a daidai wurin da za ka riƙa zama, a daidai wannan lokacin. In ya tafi sumul to bismilla.

A lokacin, abu biyu ne ya kamata mai saye ya sani tun farko, don a rubuce suke cikin tsarin, ba ɓoyewa aka yi ba. Na ɗaya, na waya ne kawai ko tablet. Ba ya hawa talabijin, ba kuma a yarda ka tura hoton daga waya zuwa babban allo ba. Dalilin a fili yake: in aka bari, wa zai sake biyan dikoda? Na biyu, a cikin gasannin Turai Firimiya ce kaɗai. Babu Gasar Zakarun Turai, babu La Liga, babu Serie A inda a lokacin Ademola Lookman yake bugawa a Atalanta. A da akwai Showmax Pro mai wasanni da yawa, amma sun rufe shi a ƙarshen 2023. Ranar 8 ga Afrilu 2025, da Real Madrid ta zo Emirates, wayata ba ta da abin da za ta yi mini. Na rufe shago na tafi gidan kallo na biya kuɗin shiga, na matsu a benci tsakanin wani mai sayar da rake da wani ɗan makaranta. A nan na ga Rice ya zuba bugun tazara biyu a ragar Courtois, Merino ya ƙara ta uku. Da ta biyun ta shiga, mai raken nan da ban taɓa gani ba ya rungume ni har hulata ta faɗi. A gaskiya wasa irin wannan ko da yana cikin waya ba zan so in kalle shi ni kaɗai ba.

Gida kuma fa? Nan ne aka ɗan kai ruwa rana. Dikoda ta kowa ce, waya ta mutum ɗaya ce. Maman yara ta saba da Africa Magic Hausa, yara sun saba da katun. Da na yi mata bayanin kuɗin da za a rage, cewa ta yi, "Maigida, wato kai ka samo wa kanka mafita, mu kuma mu kalli bango?" Gaskiyarta. Abin da muka yi shi ne na kira mai gyara ya juya dish ɗin zuwa tashoshin kyauta, na sayi ƙaramar dikoda wadda ba a saka mata kati, aka samu tashoshin Hausa da na Larabci da na karatu. Finafinan Hausa masu dogon zango kuwa dama yawancinsu YouTube suka koma. Babban ɗana ne har yanzu yake ƙorafi, don da tare muke kallo a falo, yanzu kuwa sai dai mu haɗa kai a kan allon da bai wuce tafin hannu ba.

Wasu za su ce me ya sa za a biya ko sisi alhali ga shafukan kyauta. Na san su, yaran shago suna shiga. Rabin allon tallan caca ne, wani tallan ma ba ka so yaro ya gani, jinkirinsu ya ninka wanda na faɗa, kuma sai wasa ya ɗau zafi suke mutuwa. Ga kuma kayan wani ne aka ɗauko ba da izininsa ba. Na halal ma yakan samu kyauta jefi-jefi: gasar kofin duniya ta ƙungiyoyi da aka yi a Amurka a Yuni da Yuli na 2025, manhajar DAZN ta nuna ta kyauta ga duk wanda ya yi rajista, a nan na ga Chelsea ta lallasa PSG 3-0 a wasan ƙarshe, abin da bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Ga direba, ɗan kasuwa, mai gadi, ɗalibi, tela irina, duk wanda wasa ke riskarsa a wajen nema kuma Firimiya ce damuwarsa, ina ganin a 2025 Showmax Premier League ya ci kuɗinsa, muddin sabis na da kyau a inda yake. Mai iyali da yawa da ke taruwa a falo, ko wanda ba ya iya barci in bai ga Barcelona ko Madrid ba, ya tsaya kan dikodarsa, ko ya sauko ƙaramin tsari kamar GOtv Supa Plus, wanda ya koma 16,800 a watan Maris na 2025 kuma yana ɗauke da Firimiya. Ni dai niyyata a lokacin ita ce in sake biya idan an dawo kaka a watan Agusta na 2025. Daren Talata da Laraba kuwa, in Arsenal na da wasan Turai, na riga na gaya wa mai gidan kallon ya riƙa ajiye mini wuri a benci na biyu, kusa da fanka.