Ƙafa inci 26 a doguwar tafiya: yadda na same ta

Keken da nake tafiyar nesa da shi na ƙarfe ne, irin haɗin ƙarfen da ake kira kromoli, ƙafafunsa kuma inci 26. Kafin shi na daɗe a kan mai ƙafa 700C (girman ƙafa ne da ya fi inci 26), wanda ya fi son kwalta mai santsi, don haka ina da ma'auni a hannu. In ka tambaye ni yau, zan ce inci 26 ta biya ni, amma ba kowa zan ce ya bi sahuna ba.

Abin da ya fara burge ni shi ne yadda ƙafar baya ke jure kaya. Jaka biyu a baya, biyu a gaba, tanti a kan kariya, ruwa, kayan gyara, nauyin ya kan haura kilo 20 kafin ka zauna kai kanka. Ƙafa ƙarama wayoyinta gajeru ne, gajeriyar waya kuma ta fi juriya in aka danna ta daga gefe. Nawa ƙafafun waya 36 kowace, an ɗaure su da hannu. Na bi burji, na faɗa ramuka da kaya a baya, ko sau ɗaya ƙafar ba ta karkace har ta goga birki ba. A kan tsohon kekena mai waya 32, da zarar na ɗora masa kaya sai in fara jin ƙarar waya tana sassautawa.

Na biyu, hawan tudu. Da giya iri ɗaya, ƙaramar ƙafa tana ba ka sauƙin taka feda, domin kowane juyi gajeren nisa yake ci. Nawa yana da haƙora 22 a ƙaramin faranti na gaba, 34 a babba na baya. A tudu mai tsayi, kaya cike, ina zaune a sirdi ina murza feda a hankali, ba na sauka in tura. Wanda bai taɓa hawan dutse da kaya ba ba zai gane darajar wannan ba sai ranar da gwiwa ta fara zafi.

Akwai wani abu da masu sayarwa ba su cika faɗa ba, na kuma ga ya fi komai amfani. Lambar inci da ake kiran taya da ita ba ta da tabbas. Ka duba gefen tayarka, za ka ga wasu lambobi biyu, kamar 50-559. Ta farko faɗin taya ne da milimita, ta biyu kuma girman rim, wato zoben ƙarfen da taya ke zama a kai. Inci 26 na keken dutse 559 ne. Inci 27.5, wato 650B, 584 ne. 700C da inci 29 rim ɗaya suke hawa, 622, faɗin taya kawai ya bambanta su. Tsohon keken kaya mai inci 28 kuwa 635 ne, tayarsa ba za ta zauna a rim ɗin 700C ba. In taya ta fashe maka a nesa, wannan lambar za ka nuna wa mai gyara, don kada a ba ka abin da ba zai shiga ba.

Kuma a nan ne inci 26 ta yi suna tun asali: shekaru da yawa ita ce girman keken dutse a duniya, don haka a ƙananan garuruwa na ƙasashe da dama ana samun taya da tub nata. Sai dai lamarin yana sauyawa. Kamfanoni sun karkata ga 27.5 da 29, a manyan shagunan Turai da Amurka tayar 26 mai inganci ta fara ƙaranci. Ni tayar Schwalbe Marathon nake sa wa, mai faɗin inci 2, ta kan yi nisa ƙwarai kafin ta yi faci, kuma ina ɗaukar ɗaya mai naɗewa a jaka.

Inda ta gaza? A kwalta mai kyau, hanya miƙe, ba iska, 700C ta fi ta gudu da santsi, tana kuma wuce ƙananan ramuka ba tare da girgiza sosai ba. Mai tsawo wanda zai yi tafiyarsa duka a titin kwalta, kusa da manyan birane, bai da dalilin barin 700C. Mai gajeren tsayi kuwa, ƙaramin firam da babbar ƙafa kan sa yatsan ƙafarsa ya taɓa tayar gaba in ya juya a hankali, kuma da jaka a gaba wannan haɗari ne. Ga irinsa, 26 zan zaɓa masa ba tare da jinkiri ba.

Kafin ka biya, ka ɗora jakunkunanka a kan kariya, ka hau, ka duba ko diddigenka yana bugun jakar baya. Nawa firam ɗin yana da doguwar baya, kusan santimita 46 daga inda feda ke juyawa zuwa tsakiyar ƙafar baya, shi ya sa diddigena ke wucewa lafiya.