Kawunan suna da kyau, amma kolet ɗin da aka haɗo da su ya ɓata min hoton mahaifina

Saitin kawunan sassaƙa guda uku na saya, irin masu siririn tsini da baki zagaye, aka haɗo min da kolet ER11 ɗaya a matsayin gyara, wato ɗan zoben ƙarfe mai tsagogi da ke riƙe kan a bakin injin. Don aikin litofen na saye su, wato hoton nan da ake sassaƙawa a jikin farin allo da injin CNC mai aiki da umarnin kwamfuta, inda ya yi siriri haske ya ratsa, inda ya yi kauri ya zama duhu. Duk wanda ya taɓa yi ya san kuskure ba ya ɓuya a wannan aikin. Bambancin kashi ɗaya cikin goma na milimita ma, da zarar an kunna fitila a baya sai ya fito ɓaro-ɓaro.

Hoton marigayi mahaifina na fara sakawa, wanda na daɗe ina son yi wa ƙanwata. Allon Corian, wato farin allo mai kama da dutse, mai kaurin milimita 6, ɗaya daga cikin manyan kawunan, tazarar layukan da kan yake bi milimita 0.1, injin yana tafiya a karkace a digiri 45 don kada layukan su fito wa ido. Na tsara wurin da ya fi siriri ya tsaya a milimita 1. Awa bakwai injin yana kuka. Da na hure ƙurar na shafa, hannu bai ji komai ba sai wasu 'yan matakala can da can. Da na ɗaga shi gaban fitila kuwa, gabana ya faɗi. Layuka huɗu sun ratsa fuskar a karkace, ɗaya ta kan idon hagu, kuma kowane layi ka wuce sai hoton ya ƙara haske, gemu ya fito daidai, goshi ya wanke fari fat, a kusurwar ƙarshe wajen hula har kan ya huda allon. Na jima zaune ina kallonsa, raina a ɓace.

Injina na fara zargi. Na ɗauka motar lantarkin da ke hawa da sauka da kan ce take tsallake taku, na ƙara ɗaure kusoshinta, na rage gudu, na sake share katakon ƙasa ya zama bai ɗaya, na canza salatif mai gam gaba da baya ko allon ne yake ɗagawa. Allo na biyu ma haka ya fito, sai dai layukan sun canza wuri. Kwana uku ke nan.

Abin da ya tona asiri alƙalamin maka ne kawai. Na ja baƙin layi a jikin kan, daidai bakin kolet, na saki aikin gwaji na awa ɗaya. Da na dawo, layin ya sauko ƙasa, ana ganin farin ƙarfe tsakaninsa da kolet. Ashe kan ne yake zamewa, murɗaɗɗun haƙoransa suna jawo shi ƙasa kaɗan-kaɗan, duk sanda ya zame sai ya bar mataki. Na cire kolet ɗin na duba da gilashin ƙara girma: ƙaiƙayin ƙarfe a cikin tsagoginsa, ga wani mai mai danƙo a ciki. Ko ka ɗaure da sifana biyu ba zai kama da kyau ba.

Tsohon kolet ɗina na wanke da sifirit, na ɗana shi cikin notin da ke ɗaure shi sai da ya ce ƙas kafin in zura kan, na bar injin ya yi ta juyawa minti goma ya ɗumama, sannan na saki aikin ban dakatar da shi ko sau ɗaya ba. Gaskiya a nan kawunan suka burge ni. Fuskar ta fito sumul, gashin gira ɗai-ɗai, babu kunyoyin nan da tsohon kaina yake bari sai na bi da samfefa. Har na ce a raina na yafe.

Sai na rubuta wa mai sayarwa na tura masa hoton layin maka, amsar da na samu ita ce in ƙara ɗaurewa. Abin ya dawo min sabo. Ga kuma ƙaramin kan da suka rubuta 0.5 ba tare da sun ce rabin faɗin baki suke nufi ba, na shigar da shi a manhaja a matsayin cikakken faɗi, ƙananan zanen hula suka dusashe, sai da na auna da kaina na gane.

Kawunan biyu manya zan ci gaba da aiki da su. Kolet ɗin yana cikin kwandon shara, alluna biyun da suka lalace kuma suna jingine bayan injin, har yanzu na kasa zubar da na farkon.