Kofin awon fitsari mai layi 12: abin da zai yi wa ƙungiyar ƙwallo da inda yake gazawa

Idan ka yage ledar kofin da ake awon fitsari da shi don gano shan ƙwaya za ka tarar da abu uku: kofin roba mai murfin murɗawa, ɗan ƙunshin garin da ke tsotse danshi, da takardar bayani mai ƙananan rubutu wadda yawancin masu saye ba sa warwarewa. A bangon kofin ta ciki an jera siraran tsinken takarda guda 12, su ne layukan, kowanne da haruffa uku a kansa masu nuna ƙwayar da yake nema, an lulluɓe su da wata takarda mai manne wadda sai lokacin karatu ake ɓare ta. Daga gefe akwai zanen ma'aunin zafi. Shagunan kayan asibiti ne ke sayar da shi, kamfanoni da yawa na yin sa, kuma aikinsu kusan ɗaya ne, saboda haka nau'in kayan ake magana a kai a nan, ba wani tambari ba.

Mai ƙungiyar unguwa, ko mai makarantar horar da yara, ko ubangidan ɗan dambe da ya fara zargin yaronsa na shan ƙwaya, zai ga kofin kamar sauƙi ya zo. Kayan yana da amfani, kuma in aka bi ƙa'idarsa yana yin aikin da aka yi shi dominsa. Sai dai aikin nan ƙarami ne, kuma akasarin ɓarnar da ake yi da shi daga ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa take tasowa.

Abu na farko da za ka duba tun a shago, kafin ka ciro kuɗi, shi ne haruffan da ke jikin kwali. Yawan layi ba ya nufin komai. An tsara yawancin kofunan ne don kasuwar Amurka, shi ya sa za ka ga COC na hodar ibilis, da PCP, da MTD na metadon, da OXY, abubuwan da ba su ne damuwar filin ƙwallo a Kano ko Zariya ba. Abin da ya addabi matasanmu tiramol ne, da kodin, da wiwi, da su baliyam da rochi. Layin OPI ko MOP yana kama kodin da mofin, amma ba ya ganin tiramol ko kaɗan, domin ginin sinadarinta daban ne. Yaro zai haɗiyi tiramol mai miligiram 225 da safe, ya yi fitsari da la'asar, kofi mai layi 12 ya wanke shi tas. Dole sai an rubuta TRA ko TML, alamar tiramol, a kwalin. In babu, mayar masa da kayansa.

Tiramol ce ya kamata ta fi tsaya wa masu harkar wasanni a rai. Iyakar abin da likita ke yarda babba ya sha a yini miligiram 400 ne, kuma ƙarfin da aka amince a sayar a Najeriya 50 ne da 100, alhali na bayan fage ya kai 200 da 225. Chris Kirkland, tsohon golan Liverpool da Wigan, ya bayyana a 2022 cewa ya taɓa kaiwa miligiram 2,500 a rana, bayan ya fara sha saboda ciwon baya. Hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta haramta ta a lokacin gasa daga 1 ga Janairun 2024. Masu tseren keke sun riga kowa, tun 2019 suka hana ta, kuma a kanta aka soke sakamakon Nairo Quintana na gasar Tour de France ta 2022.

Ko da layin TRA ɗin ma, tsugune ba ta ƙare ba. Ƙwayoyin tapentadol da suka shigo kasuwar Afirka ta Yamma bayan an matsa wa tiramol, ba a dogara da wannan layi a kansu. Firegabalin sai da tsinkensa na daban mai alamar PGB. Ekzol ba ya cikin kofunan da aka saba sayarwa, sholisho ma haka. Layin BZO yana kama baliyam da kyau, amma yana da rauni a kan rochi da kilonazifam, kuma magungunan barci irin su zolpidem da zopiclone ba nasa ba ne. Giya kuwa sai kofin da ke da layin ETG, wanda ke iya nuna ta har kwana biyu zuwa uku.

Kowane layi yana da mizaninsa, wato adadin da sai ƙwaya ta kai shi a fitsari kafin ya nuna. Na wiwi nanogiram 50 ne a mililita ɗaya, na BZO 300, na tiramol 100 ko 200 gwargwadon kamfani. Na kodin iri biyu ne: 300 da 2,000. Mai 300 ya fi dacewa da wanda ke neman masu shan ruwan tari, amma shi ne kuma ya fi saurin yi wa marar laifi ƙarya.

Yadda ake awon ba shi da wuya, tsari yake so. A yi shi da safe kafin atisaye, don bayan atisaye yaro ya ɗirki ruwan leda huɗu ko biyar, fitsarin ya tsinke. A fitar da buta da bokiti daga banɗakin, a ba shi butar bayan ya miƙo kofin. Ya wanke hannu, ya juye aljihu, ya cire safa. A buɗe ledar a gabansa, a rubuta lamba da kwanan wata a jikin kofin. Fitsarin ya wuce layin da aka zana, kimanin mililita 30. Cikin minti huɗu a duba ma'aunin zafi, ya nuna tsakanin digiri 32 da 38. A murɗa murfi, a ajiye kofin a tsaye, a saita agogo. A minti na biyar a ɓare takardar a karanta, a ɗauki hoto. Bayan minti goma duk abin da ya fito ko ya ɓace ba a lissafa shi.

Ma'aunin zafin nan an yi shi ne don ƙasashen sanyi, inda fitsarin aro ke hucewa kafin a kawo shi. A watan Afrilu a Sakkwato, kwalbar da ta yini a aljihu ko ƙarƙashin kujerar babur za ta kai digiri 35 da kanta. Don haka a nan mutum ya fi ma'auni: wani babba ya tsaya a bakin ƙofa, namiji ga maza, mace ga ƙungiyar mata. Zafin yana lalata kofin kansa ma. An rubuta a ajiye shi ƙasa da digiri 30, kuma katan ɗin da ya yi mako a but ɗin motar koci ya tashi daga aiki ko da wa'adinsa bai cika ba. Ka nemi kofin da ke da ƙarin tsinken gano ha'inci, wanda ke canza launi idan an zuba ruwa ko bilic ko sabulu.

Wurin karatu ne aka fi tafka kuskure, saboda an saba da tsinken awon ciki da na zazzaɓin cizon sauro, inda layi biyu ke nufin akwai. Nan akasin haka ne. Layi biyu a jikin tsinke, C da T, na nufin ba a ga komai ba. Layi ɗaya a kan C kaɗai shi ne alamar an gani. Dalili kuwa, ƙwayar da ke cikin fitsarin ce ke tare sinadarin da zai je ya zana layin T, sai layin ya ƙi fitowa. Layi mai dishi-dishi, komai rashin ƙarfinsa, layi ne, ba ya nufin "ya ɗan taɓa". In layin C bai fito ba, kofin ya mutu, a ɗauko wani.

To ga inda ya kamata mai saye ya nutsu. Layi ɗaya zargi ne, bai kai hujja ba. Magungunan ofloxacin da levofloxacin, waɗanda ake bayarwa a kemis da sunan taifot, suna iya sa layin kodin ya nuna. Rifampicin na tarin fuka ma haka. Efavirenz, ɗaya daga cikin magungunan cutar ƙanjamau, yana iya fitowa a matsayin wiwi. Maganin mura mai pseudoephedrine yana taɓa layin AMP na amfetamin. Sertraline, wanda likitan ƙwaƙwalwa ke rubuta wa mai ciwon damuwa, yana iya fitowa a layin BZO, amitriptyline, shi ma maganin ciwon damuwa, a layin TCA. Ka duba abin da wannan ke nufi: yaron da ya yi abin da ya dace, ya je asibiti a ɓoye yana shan maganinsa, shi ne za a kira ɗan ƙwaya a gaban 'yan uwansa, ko a tilasta masa tona ciwon da bai so kowa ya sani ba. Shi ya sa kafin a miƙa kofi ake tambaya a asirce, wane magani ka sha cikin mako biyun nan, kuma ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya yi tambayar, ba koci ba. Duk sakamakon da za a gina hukunci a kansa, a raba fitsarin biyu, a rufe a sa hannu, a sa a firji tsakanin digiri 2 da 8, a kai ɗakin gwaji mai na'urar GC-MS ko LC-MS cikin kwana biyu. Yaron da bai kai 18 ba sai da yardar iyayensa a rubuce. Sakamako kuma ba na zauren WhatsApp ɗin ƙungiya ba ne.

Akwai amfanin da ake yi da kofin wanda ya fi kowanne muni, shi ne ɗauko shi bayan an yi aika-aika. An tashi wasa, ɗan baya ya kai wa alƙalin wasa naushi ya fasa masa baki, ko ya ɗauki babur ya take yaro a hanyar gida, sai washegari a ce a auna shi. Fitsari ba ya faɗin halin da mutum ke ciki a sa'ar da ya yi abin. Kodin da tiramol kan zauna kwana ɗaya zuwa huɗu. Wiwi kwana uku ga wanda ya busa sau ɗaya, amma har wata guda ga wanda ya mayar da ita abinci. Baliyam kan yi makonni a jikin wanda ya daɗe a kai. Layi ɗaya bai tabbatar da yana cikin maye a fili ba, layi biyu kuma bai wanke shi ba.

Sannan ko da ya tabbata a buge yake, leɓen alƙalin wasa bai ɗinke ba. Nan ne masu ƙungiya kan kasu biyu, duka kuma a karkace. Wasu su ce ai ba shi ba ne, ƙwaya ce, a rufa asiri tunda shi ke ci mana ƙwallo. Wasu su kore shi a ranar, ya koma unguwa da jarabarsa, wanda aka cuta kuma ba wanda ya biya masa kuɗin ɗinki. Dokar final kod ta Arewa ba ta ɗaukar mayen da mutum ya jefa kansa ciki a matsayin kariya. A Ingila ma haka kotu ta yi wa Luke McCormick, golan Plymouth, wanda a 2008 ya yi tuƙi a buge ya kashe yara biyu 'yan uwan juna: ɗaurin shekara bakwai da wata huɗu. Tony Adams yana kyaftin ɗin Arsenal aka ɗaure shi a Disambar 1990 kan tuƙi cikin maye, sai a 1996 ya fito ya amsa cewa giya ta fi ƙarfinsa, a 2000 kuma ya kafa cibiyar Sporting Chance don jinyar 'yan wasa. Tsarin matakai 12 na barin shaye-shaye da cibiyar ta ginu a kai bai raba jinya da ɗaukar alhaki ba. Mataki na 8 shi ne mutum ya zauna ya rubuta sunan duk wanda ya cutar, na 9 ya je ya gyara abin da zai gyaru, sai dai in zuwan nasa zai ƙara musu ciwo. Ƙungiyar da za ta sayi kofi ta fara rubuta irin wannan a takardar yarjejeniya: dakatarwa da biyan kuɗin maganin wanda aka ji wa rauni suna nan ko me awo ya nuna, awon kuma shi ke nuna ƙofar asibitin da za a bi.

Game da taɓin ƙwaƙwalwa, kofin makaho ne. Ɗan wasan da ya yi kwana huɗu bai runtsa ba, yana surutu ba birki, yana rabon kuɗi, yana neman faɗa da kowa, zai iya ba da layi biyu reras a duka 12. Haka wanda ya daina magana, ya daina cin abinci, ya fara cewa gara ya huta. Irin waɗannan likita suke buƙata a ranar, a asibitin Dawanau a Kano, ko na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri. Haka kuma wanda awo ya kama, kada a kulle shi a ɗaki a ce ya daina lokaci guda. Yanke baliyam ko rochi farat ɗaya yana kawo jijjiga mai iya kisa. Tiramol kanta tana jawo jijjiga in ta yi yawa, barinta kwatsam kuma na zuwa da gumi, gudawa, ciwon gaɓoɓi da firgici. Da kaɗan-kaɗan ake janyewa, a hannun likita. Hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara da gyaran hali a ofisoshinta na jihohi.

Wajen saye, ka nemi wanda ke da TRA, MOP mai 300, THC na wiwi, BZO da tsinken gano ha'inci. Sauran layukan ƙari ne kawai. Ka duba wa'adi, ka matsa ledar ka ji ba ta huje ba. Kofi ɗaya awo ɗaya ne, ba a wankewa a sake, don haka ƙungiya mai 'yan wasa 25 ta lissafa har da na maimaici, kamar 30 in za a auna kowa a zagaye guda. A riƙa jefa ƙuri'a a ɗauki mutum biyar ko shida ba tare da sanarwa ba, har da kyaftin da wanda ya fi kowa cin ƙwallo, domin in aka sanar da ranar awo mako guda kafin lokaci, kafin ranar tiramol ta riga ta fice daga jiki. Kuma kada a ɗauka kofin ya tsaya a madadin gwajin gasa. Jerin WADA daban yake: kodin da baliyam ba sa cikinsa, mizanin wiwi a can nanogiram 150 ne, sannan magungunan ƙara tsoka da na ƙara jini, waɗanda su ne suka fi jawo dakatarwa mai tsawo, babu ɗayansu da ke da layi a jikin wannan kofi.