Kaskon ƙarfe na Lodge mai inci 12: gwajinsa a suyar yankan naman shanu

Kamfanin Lodge yana zuba kasake na baƙin ƙarfe tun shekarar 1896 a garin South Pittsburg da ke jihar Tennessee ta Amurka, kuma wannan mai faɗin inci 12, wato kimanin santimita 30, yana cikin waɗanda aka fi saye. Nauyinsa ya kai kilo uku da rabi. Wannan nauyin shi ne amfaninsa, shi ne kuma matsalarsa.

Abin da ake nema a suyar yankan nama mai kauri shi ne bayansa ya yi ɓawo mai ruwan ƙasa, cikinsa kuma ya tsaya da taushi da romo. Wannan launin ba ya fara fitowa sosai sai saman naman ya haura digiri 140 a ma'aunin Selshiyos. Kasko marar kauri yana hucewa da zarar nama mai sanyi ya hau kansa, sai naman ya saki ruwa ya koma dahuwa, ya fito fari-fari. Kaskon Lodge yana tara zafi ya riƙe shi, shi ya sa ƙarar suyar ba ta mutuwa bayan an ɗora naman. A nan dai babu abin kushewa.

Sai dai baƙin ƙarfe ba ya yaɗa zafi da sauri kamar alminiyam. Idan aka ɗora shi a ƙaramin kan murhu aka buɗe wuta gaba ɗaya, tsakiya za ta yi jau, gefe kuma bai yi ba, naman ya ƙone ta wani ɓangare. Maganinsa haƙuri: a ɗumama shi a matsakaiciyar wuta minti 8 zuwa 10, ana ɗan juya shi, sannan a ƙara wuta.

Naman ya kasance mai kaurin santimita 2.5 zuwa 4. Wanda bai kai haka ba cikinsa zai dahu tun bayansa bai yi launi ba. A sa gishiri ko dai minti 45 kafin suya, ko kuma daf da ɗorawa. Tsakanin nan ne gishirin ya jawo ruwa waje bai koma ba, kuma jiƙaƙƙen nama ba ya soyuwa. A goge shi ya bushe sarai. Cokali ɗaya na mai mai jure zafi ya isa, irin su man sanfulawa. Da ya fara ɗan hayaƙi, a kwantar da naman ta gefen da ke nesa da jiki saboda fantsama. Minti 3 zuwa 4 a fuska ɗaya, a juya, a ba ɗaya fuskar kusan haka. Idan naman ya manne, ba a finciko shi, ɓawon ne bai gama yi ba, zai saki da kansa.

Bota ba ta shiga da wuri, don tana ƙonewa ta yi ɗaci. A minti biyun ƙarshe ake rage wuta a jefa cokali biyu da tafarnuwa da aka ɗan daka, a karkata kaskon ana ɗibar man da cokali ana zuba wa naman. A nan nauyin yake nuna kansa, domin karkata kilo uku da rabi da hannu ɗaya ba wasa ba ne. Mariƙin gajere ne kuma yana ɗaukar zafi kamar jikin kaskon, dole sai da tsumma mai kauri. Ƙaramin mariƙin da ke ɗaya gefen yana taimakawa wajen ɗagawa.

Ma'aunin zafin nama ya fi duk wani latsawa da yatsa. Digiri 54 zuwa 57 a tsakiya shi ne mai ja-ja a ciki, 60 zuwa 63 matsakaici. Ma'aikatar noma ta Amurka tana ba da shawarar 63 tare da hutun minti 3. A sauke naman saura digiri uku ya kai inda ake so, saboda yana ci gaba da dahuwa, kuma a cire shi daga kaskon gaba ɗaya, tunda kashe wuta ba ya hucar da wannan ƙarfen. Yanka biyu ne iyakar abin da yake ɗauka. Na uku zai cika shi da tururi.

Yana zuwa da shafen man da aka gasa a jikinsa tun daga masana'anta, amma cikinsa yana da ɗan kaushi. Ga nama wannan ba komai ba ne, ƙwai ne ke mannewa a farkon amfani. Miya mai tsami irin ta tumatir, idan ta daɗe a ciki, tana cinye shafen. Bayan suya a wanke da ruwan zafi da ɗan sabulu, a busar a kan wuta, a shafa mai kaɗan. Barinsa a jiƙe yana jawo tsatsa cikin dare ɗaya.

Mai ciwon wuyan hannu, ko wanda ɗakin girkinsa ba shi da mafitar hayaƙi, ya yi tunani kafin ya saya. Mai soya yanka ɗaya kacal kuwa, ƙaramin mai inci 10 da kwata ya ishe shi, ya kuma fi sauƙin ɗagawa.